Shekarar da Na Kai Adda Ganin Raƙumin Dawa

Na san abin da aka gaya muku game da rabuwar gandunmu, domin ƙafa ce ta gaza mini, kunne yana nan daram. An ce muku ubanku ya bar gona ranar ruwan shuka ya tafi kallon namun daji, shi ya sa tsofaffin garinmu Kurawa ke kirana Na-Gundumi, shi ya sa kuma gidan baffanku Mamman yake gabas da masallaci, namu yake yamma. Ba ƙarya aka yi muku ba, sai dai an miƙa muku ƙashi an ɓoye tsokar. Kwanan baya ɗayanku ya zo yana nuna mini hotunan wuraren da masu hali ke hawa jirgi su je hutu don kawai su ga giwa da raƙumin dawa, yana ta yaba musu. Na yi dariya a raina. Su da suka je da jirgi sunan abin buɗe ido, ni da na je da jaki sunansa lalaci. To ku zauna ku ji nawa tun ina da bakin faɗa.

Shekarar ita ce wadda samarinmu da Turawa suka ɗiba soja suka dawo daga yaƙin Bama, suna cika mu da labarin ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba, gandu ya faɗo hannuna, ni da ƙanena Mamman da uwarku Hajo, wadda a lokacin take ɗauke da cikin fari. Sai kuma mahaifiyarmu. Manyanku sun same ta makauniya a bakin ɗakinta tana kaɗi, amma ba haka take ba da. Bafillatana ce 'yar ruga, daga masu kiwo a gefen dajin Gundumi. Mahaifinmu, Bagobiri mai zane har kunne, ya gan ta tana sayar da nono a kasuwar Isa, ya yi ta shan nonon da ba ya so har aka gaji aka ba shi ita. Ni ne ɗanta na fari, kuma ku 'yan yanzu da kuke hawa cinyar iyayenku kuna ja musu hanci ba za ku gane nauyin wannan magana ba. Kunyar ɗan fari a wurin Bahaushiya abu ce babba, a wurin Bafillatana kuwa kusan addini ce. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban fuskata ba, in na shigo ta ƙofar nan sai ta tuna da wani aiki a bayan ɗaki. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba, Adda nake cewa, yadda na ji ƙannenta suna kiranta, shi ma sai a bayan idonta. In tana son a yi wani abu sai ta gaya wa Hajo, ko ta gaya wa bango, a ce wa mai gidan nan darni ya faɗi. Mamman kuwa ta kira shi, ta zage shi, ta ajiye masa ƙanzo. Ina yaro abin yana cina ƙwarai. Da na girma na gane al'ada ce ba ƙiyayya ba, amma ganewar ba ta hana ciwon ba.

Da rani ya yi nisa Hajo ta lura Adda tana zuba fura a gefen ƙoƙo maimakon cikinsa. Yanar ido ce ta hau mata, fara kamar nonon da aka tsarma da ruwa. Aka yi kwalli, aka yi tofi, aka yi hayaƙi, sannan Mamman ya ɗora ta a jaki ya kai ta wurin malamin asibiti a Isa. Mutumin bai ɓoye ba. Ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuwa da wuya ya ga girbi. Ta dawo ta ci gaba da aikinta. Sai dai tun daga ranar ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. Da la'asar, in suna ɓarar gyaɗa ita da Hajo a gindin bedi, sai ta riƙa ba da labarin wuraren da ta yi kiwo tana yarinya, da murya a ɗage fiye da yadda mai sauraro ɗaya ke bukata. Ni kuwa kullum a daidai lokacin igiyata ke bukatar tufka a bayan zana. Ta faɗi fadamar gulbi inda gauraka ke rawa biyu-biyu, ta faɗi jigawar da jimina ke binne ƙwai, ta faɗi inda barewa ke kwana cikin shanu ba mai korarsu. Ina jin ta sai in ga kamar ƙasar da na sani ta gero da tumaki tana da wata ƙasa a ƙarƙashinta wadda ban taɓa takawa ba.

Wata rana ta ce, "Hajo, ke ɗiyag gari ta, ba ki ga komi ba. Akwai wani kwari in kin wuce Unguwal Lalle kin shiga Gundumi, dut gawo na. Kin san halin gawo, shi ka yin ganye sa'ad da kowane icce yat tuɓe. To da bazara nan raƙuman dawa ka taruwa. Ba su da murya, ba ki jin tahiyassu. Sai dai ki ɗaga kai ki ga icce na tahiya."

Hajo ta ce, "Inna, kina son ki sake ganinsu?"

Ta ce, "Wa ka kai ni? Ruwa na bisa hanya. Da ya sauka gawo shi zubda ganye, su watse cikin daji, sai wata shekara. Wata shekara kuwa ta masu ido ta."

Iyakar roƙon da za ta iya yi ke nan, kuma na san ba Hajo take roƙo ba. Matsalar ita ce shamuwa ta riga ta iso, tana ɗaukar kara tana gyara sheƙa a kan tsamiyar kasuwa, kuma ko yaro ya san in ta iso ruwa yana bayanta. Gonarmu jigawa ce, yashi ne da ba ya riƙe laima. In ruwan shuka ya sauka sai a tashi da shi tun ƙasa tana da sanyi, mutum ɗaya yana sara da sungumi, ɗaya yana bin sa yana zuba iri yana rufewa da diddige. Aikin mutum biyu ne, kuma mu biyu ne kawai. Da na faɗa wa Mamman abin da ke raina, sai ya ajiye sungumin da yake sa wa ƙota ya dube ni kamar na sha wani abu.

Ya ce, "Yaya, shamuwa ta iso hwa. Wa ka bin bayana da iri in ruwa yas sauka?"

Na ce, "Za ni in komo kahin shi sauka."

Ya ce, "Da kai ruwa yay yi shawara? Maganat tsohuwa ta, gobe ta mance. Ka bari sai kaka."

Na ce, "Da kaka ba ta da ido, su kuma ba su nan."

Bai yi ƙarya ba ko ɗaya, ni ma ban yi ba, kuma irin wannan faɗan shi ne ba ya da alƙali. Za ku ce me ya hana shi ya kai ta, tunda shi ba kunya tsakaninsu. Ya ce ba zai bar gona ba, wannan ɗaya. Na biyu kuwa, ko da ya yarda ba zan bar masa ba. Ni nake so in kai ta. Tunda aka haife ni ban taɓa yi mata wani abu da hannuna ta karɓa da nata ba, hatta goro sai an bi da shi ta hannun wani. Na shiga cikin gida na tsaya a tsakar fili na ɗaga murya.

Na ce, "Hajo, ki hwaɗa ma Adda jaki na da hanya Unguwal Lalle gobe, ko tana da saƙo."

Daga cikin ɗaki aka ce, "Hajo, ki ce saƙon ba shi ɗaukuwa sai da mai shi."

Da Hajo ta leƙa sai ta tarar ta riga ta ƙulle zanenta na saƙi da 'yar ƙwaryarta, ta ɗaura su a tsumma tun ba a san yaushe ba. Ashe ita ba ta fafe gora ranar tafiya.

Muka tashi da sassafe mu uku, Adda a kan jakinmu Goho, Hajo a gefenta, ni a gaba riƙe da igiya, domin ta haka ne kawai ba za mu haɗa ido ba. Muka gangara fadamar gulbi. Ruwa ya janye ya bar gurabu nan da can, kuma duk abin da ke da fiffike a ƙasar Gobir ya taru a bakinsu. Balbela ta rufe wani icce har ka ce auduga aka shanya. Dinya tana kiwo cikin laka, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar an bar masa gadin wurin, wani kada ya buɗe baki a kan yashi yana shan hantsi. Can gaba gauraka suka yi ta tsalle suna rusuna wa juna da tukkunsu na zinariya. Adda ta dunƙule hannu ta bar 'yar kafa ta ɗora a idon dama, ta daɗe tana leƙe. Ta ce wa Hajo fari-fari kawai take gani yana motsi, amma kukan ya cike mata sauran. Ban san tsawon lokacin da muka yi a wurin ba. Iska tana kaɗa ganyen goriba, ruwa yana ƙyalli, ni da na zo ina lissafin hadari a raina sai na tarar na manta da shi.

Muka ratsa ta kufan Alkalawa, inda ganuwar kakanninmu ta zama tudu mai ciyawa, kukoki suka tsiro a inda da fada take. Jajayen birai sun jeru a kan tudun suna kallon mu kamar su ne masu gari. Mahaifinmu bai taɓa wucewa ta nan bai cire takalmi ba, ni ma na cire. Adda ta ji na tsaya, ta tambayi Hajo ina ne nan, aka gaya mata.

Ta ce, "Hajo, ki ce ma mai jan jaki shi gaida mutanenai. Nan munka tashe su, sunka bar ma birai sarauta."

Na ce, "Hajo, ki ce mata sun tashe mu, mu kuma munka amre ɗiyansu. An yi canjaras."

Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ranar ce ta farko da na san na ba mahaifiyata dariya, kuma na yi tafiyar yinin nan kamar ba a kan yashi mai zafi ba. Kusa da Unguwar Lalle muka ci karo da ayarin wani Bature mai rangadi, 'yan alaro suna ɗauke da kujerarsa da bahon wankansa, shi yana kan doki da wani madubi mai ido biyu rataye a wuya. Muka kauce muka durƙusa a gefen hanya kamar yadda ake yi a lokacin. Hajo ta raɗa mata cewa abin nan in ya ɗora a ido yana jawo na nesa ya zo kusa. Adda ta ce da zai ara mata na yini ɗaya. Wallahi sai da bakina ya motsa, amma talaka ba ya tare Bature a hanya a zamanin nan, ga ɗan doka a bayansa da bulala. Muka bari ƙurarsu ta kwanta muka wuce.

A bakin dajin muka sauka a rugar Kawu Buba, ƙanen Adda. Bazara ta matse su, shanu sun zama ƙashi da fata, shi da 'ya'yansa suna kan rijiya suna jan guga tun safe har rana ta faɗi. Ya ce raƙuman suna nan a kwarin, ya ga sawunsu, amma shi ba zai iya barin rijiya ba ko na rabin yini. Hajo kuma ƙafafunta sun kumbura suntum, matan ruga suka ce mai ciki ba ta shiga Gundumi, suka shimfiɗa mata tabarma suka zaunar da ita. Muna cikin wannan da la'asar sai gabas ta yi baƙi, daidai saitin Kurawa. Walƙiya tana tsaga shi a hankali, ba a jin tsawa saboda nisa. Sai iska ta iso da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, shanu suka ɗaga hanci gaba ɗaya. Ba wanda ya bukaci a gaya masa. Ruwan shuka ya sauka a gonarmu, ni kuma ina nan.

Adda ta ce, "Hajo, ki ce mai shi koma. Iri ba shi jiran kowa. Na ji gauraka, ya ishe ni."

Kawu Buba ya ce, "In ka tashi yanzu ka iske laima. In ka shiga daji ka rasa ta. Ruwan ga kuma gobe ko jibi shina nan, da ya taɓa gawo sun tahi. Ɗaya za ka ɗauka, ɗana."

Na tsaya ina kallon hadarin. Ina ganin Mamman a raina shi kaɗai a tsakiyar gona, ya sara layi ya ajiye sungumi ya dawo ya zuba iri, rana tana shanye ƙasa a gabansa. Ina ganin cikin Hajo da bakin da zai fito daga cikinsa yana neman abinci. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma gero in ya ƙi bana ana sake shuka shi baɗi, idon nan kuwa guda ɗaya ya rage, kuma ba a ajiye irinsa a rumbu. Na je na ƙara wa Goho harawa, na ce masa ya ci da kyau, gobe daji za mu. Na faɗa yadda kowa zai ji.

Da gari ya waye muka shiga Gundumi mu biyu, ba Hajo, ba bango, ba wanda za a bi ta kansa da magana. Muka yi ta tafiya. Da muka iso inda hanyar shanu ta rabu biyu na tsaya ina ruwan ido, sai na ji ta yi gyaran murya.

Ta ce, "Goho, in kana da hankali ka bi dama, wajen marken can."

Na ce, "Goho, ka ji abin da anka ce."

Haka muka yi ta yi, jaki ya zama tafinta, shi kuwa ko a jikinsa. Da hanci take gane hanya, da inuwar itatuwan da suka matso kusa. Sabara da geza suka ba farar ƙaya wuri, ƙasa ta koma ja. Barewa suka tashi a gabanmu, suka yi 'yan tsalle suka tsaya suna waige. Wani tuji, babban tsuntsun nan, ya taka a hankali ya shige ciyawa. Daga nesa na hango jimina uku suna gudu cikin ƙawalwalniyar rana, ƙafafunsu kamar ba sa taɓa ƙasa, na gaya wa Goho, aka ce a tambayi Goho ko akwai baƙi a cikinsu, domin baƙin shi ne namiji. Dajin shiru yake, irin shirun da ke sa mutum ya ji bugun zuciyarsa. Wajen azahar ƙasa ta gangara, sai ga kwarin a gabanmu, kore shar a tsakiyar ƙasar da ta ƙone, gawo bayan gawo har iyakar gani. Na ɗaure jaki a gindin wata aduwa, ta sauka da kanta, ta zauna ta ba ni baya. Muka yi salla kowa a gefensa, muka jira. Kurciya tana kuka, zafi yana saukowa kamar an rufa mana bargo, har na fara gyangyaɗi ina mafarkin ina zuba iri cikin ruwa.

Ban ji zuwansu ba, kamar yadda ta faɗa. Na ɗaga kai ne kawai na ga saman wani gawo yana motsi ba iska, sai wani dogon wuya ya fito daga bayansa, sai wani. Suna tafe a hankali, ƙafafun gefe ɗaya tare, jikinsu da zane kamar ƙasar tafki in ta bushe ta tsattsage. Akwai wani babba mai duhu, akwai na bayansa, akwai ƙarami yana bin uwarsa. Na juya in ga ko ta gani, sai na tarar ta dunƙule hannu a ido tana leƙen wani busasshen icce can hagu, inda babu komai.

Ta ce a hankali, "Goho, kamar ga ɗaya can tsaye ko?"

Na raɗa, "Goho, dama. Dama kaɗan."

Ta juya ta zarce su. Na ce hagu, ta dawo ta sake zarcewa. Kafar da take gani da ita ba ta fi ta allura ba, su kuma ba a tsaye suke ba, suna ci suna matsawa. In na ɗaga murya su gudu, in na yi shiru su wuce. Bayansu kuma sama ta fara haɗuwa. Magana ta bakin jaki ta kai mu iyakar inda za ta iya. Na rarrafa na durƙusa a bayanta, na ce bismillah a zuci, na sa hannuwana biyu na riƙe kan mahaifiyata. Ta sandare kamar an zuba mata ruwan sanyi. Na ɗauka za ta fizge, kuma da ta fizge da ba ta yi laifi ba. Kan nata ƙarami ne, ba nauyi, yana ƙanshin man shanu, jijiya tana bugawa a ƙarƙashin yatsana. Sai na ji wuyan ya saki. Na juya shi a hankali har idon dama ya daidaita da gawon da ya fi kusa da mu, inda uwar da ɗanta suka tsaya.

Ta ja numfashi. Ta yi wata magana da Fillanci, ƙasa-ƙasa, wadda ban gane ba, domin harshen uwa a bakin uwa ake koyonsa, ni kuwa ba ta taɓa yi mini ba. Suka matsa, na bi su da kanta. Suka tsaya, na tsaya. Daga inda nake ina ganin gefen fuskarta kusa da kusa, abin da ban taɓa samu ba: shasshawar da aka yi mata a gefen baki tun tana budurwa, wani ɗan tabo a gira, hawaye yana bin ƙugun hanci ba ta share ba. In gaya muku gaskiya, ni da aka yi wa suna da kallon raƙumin dawa ban kalle su sosai ba. Muna haka har iska ta taso, ɗigon farko ya faɗo a kan ganye. Babban ya ɗaga kai, suka juya gaba ɗaya suka tafi da irin gudunsu mai kama da na mafarki, har kore ya haɗiye su. Na saki kanta na koma gefe. Ta gyara mayafi, ta ce wa Goho ya tashi mu tafi kada a jiƙe. Muka jiƙe sharkaf kafin mu kai ruga.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda kuka sani. Mun tarar Mamman ya shuka abin da mutum ɗaya zai iya, sauran gonar ta bushe tana jira. Ruwa na biyu ya yi jinkiri. Da ya zo na shuka, gero ya tashi kyakkyawa har na fara sa rai, sai damina ta ɗauke da wuri ta bar shi da kai ba ƙwaya. Rumbu bai yi rabi ba. Harajin Bature kuwa bai san raƙumin dawa ba, sai da Goho ya tafi kasuwar Isa bai dawo ba. Aka haifi yayarku cikin wannan hali. Idon Adda ya rufe tun gero bai nuna ba. Kafin wata damina muna cin tafasa da dusa, Hajo tana ba da nono da cikin da babu komai, kuma wannan nauyin har gobe ina jin sa. Mamman ya kai magana wurin dattawa a raba gandu kowa ya ci guminsa. Ban ga laifinsa ba a lokacin, ban gani ba yanzu, kuma kada in ji ɗayanku ya riƙe 'ya'yansa da wannan.

Ranar da za a raba, da hantsi, muna zaune a tsakar gida ana jiran dattawa su iso. Adda tana bakin ɗakinta da mazari a hannu. Mamman ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya matsa kusa da ita. Ba da rashin kunya ya yi maganar ba.

Ya ce, "Inna, don Allah mi kinka gani can da yac ci muna gero?"

Ta tsayar da mazarin. Ta ce, "Na ga wata ƙarama da ɗanta. Haihuwatta ta hwari ta, ga jikinta ana ganewa. Ta sunkuyo da wuyan ga nata dut tsawonai tana lasatai, tun daga kunne hab baya. Gaban ubanai, gaban kowa. Ba wanda yac ce mata kul." Ta juyo da fuskarta daidai inda nake zaune, domin makaho ya san tarin kowa a gidansa. Ta ce, "Na daɗe ina kallo. Na ce Allah, ita kab ba wanga, mu kab ba mu haƙuri."

Ni ban ga lasar nan ba. Ko an yi ta lokacin da idona yake wani wuri, ko ba a yi ba, Allah ne masani, ban kuma tambaya ba. Dattawa suka zo aka raba gona, aka kafa kara a tsakani, aka yi fatiha. Da suka watse na zagaya bayan rumbu na zauna na yi kuka kamar ba ni ne maigida ba. Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, a ɓangarena ta zaɓi zama ba wanda ya tambaye ta dalili. Har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, ni kuma daga ranar ban ƙara jiran ta kira ba.